Otel Mai Tsada a Bakin Teku ko Mai Araha a Cikin Gari? Amsa ga Mai Shirin Kai Iyali Lome

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Maradi, unguwar Zariya. Shekara 2 ina tara kuɗi don in kai iyalina su ga teku, kuma in Allah ya yarda cikin watan Agusta, lokacin hutun lakwal, za mu tafi Lome. Ni ne da maiɗakina da yara 3: babbar shekararta 12, na tsakiya 8, auta 3. Kwana 6 za mu yi. An nuna mini otel 2. Ɗaya yana bakin teku ta wajen Bagida, jika 55 na Sefa a kwana, akwai pisin, wato wurin iyo da aka gina, kuma da karin kumallo na mutum 2. Ɗayan yana cikin gari ta wajen Tokwan, jika 20, akwai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, amma babu pisin, babu abinci. Maiɗakina ta ce mu kama mai arahar mu yi tsaraba da sauran kuɗin, ni kuma zuciyata tana wajen na bakin tekun. Wanne za ka ce mu kama?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan niyya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tambayarka ta faranta mini rai. Mu mutanen Maradi mun san Lome da Kwatano kamar tafin hannunmu, amma sanin ɗan kasuwa muka yi musu: tashar jiragen ruwa, ofishin duwan, garejin tirela, gidan mai masauki a Zongo. Na san Alhajin da ya yi shekara da shekaru yana zuwa Lome bai taɓa tuɓe takalmi ya taka rairayin teku ba. Samun wanda zai tara guminsa na shekara 2 don kawai ƴaƴansa su ga ikon Allah da idonsu, abin a tsaya a ba shi shawara ta gaskiya ne.

Shekarun da na yi a can ina aikin fitar da kayan Alhazanmu daga tashar jiragen ruwa, saukar baƙi ya zama rabin aikina ba tare da na nema ba. Duk wanda ya taso daga gida lambata ake ba shi. Na kai mutane ɗakin jika 8, na kai wasu inda kwana ɗaya ke cin albashin wani, kuma na ji abin da kowa ya ce ranar komawa. Da wannan zan amsa maka.

In na fahimce ka, tambayar ita ce: ratar jika 35 da ke tsakanin otel ɗin nan biyu a kowane dare, me za ta saya maka, kuma abin da za ta saya ya dace da iyali irin naka?

Lissafin da ka yi, a sake shi

Na san lissafin da kuka yi da maiɗakinka a kan tabarma. Jika 55 sau 6 ya ba da 330, jika 20 sau 6 ya ba da 120, ratar 210. Da wannan lissafin gaskiya na wajenta, domin jika 210 ba ƙaramar tsaraba za ta yi a kasuwar Asigame ba. Sai dai an manta da ƙirga kawuna.

Ku 5 ne. Ɗakin jika 20 a cikin garin Lome, galibi gado ɗaya ne na mutum 2, da ɗan filin da za a shimfiɗa sallaya, sai makewayi. Babbar ƴarka ta kai 12, ta wuce a cusa ta ɗaki ɗaya da iyayenta har kwana 6. Kenan ɗaki 2 za ku kama, jika 40 a dare, 240 a kwana 6. Na bakin tekun kuma sai ka tambaya da kyau: ɗakin jika 55 ɗin nan ciki da falo ne? In ciki da falo ne, mu ƙaddara za su ƙara wa yara katifa su ɗora maka jika 10, ya zama 65 a dare, 390 gaba ɗaya. Ka ga ratar ta sauko daga 210 zuwa 150. In kuwa falle ɗaya ne, har sai kun kama 2, to jika 110 ke nan a dare, 660 a kwana 6, kuma a nan ina ganin magana ta ƙare ga ma'aikacin da ya yi shekara 2 yana tari.

Bayan ɗaki sai zirga-zirga. Daga Tokwan in za ku bakin ruwa, mutum 5 ba za su hau zemijan ba, wato kabu-kabunsu na can, da yaro ɗan shekara 3 a hannu. Taksi za ku yi shata, zuwa da dawowa, kowace rana. In kuma kuna son wurin da aka killace, mai rumfa da kujeru da pisin, a ƙofa za a karɓi kuɗin shiga, kowane kai da nasa. Wannan ya ƙara wa mai araha nauyi. Amma shi ma mai tsadar yana da nasa ramin, kuma ya fi zurfi. Bagida tana wajen kilomita 13 gabas da tsakiyar gari, a kan hanyar Aneho, kuma sai an ratsa ta gaban tashar jiragen ruwa inda tireloli ke cunkushewa. Ranar da maiɗakinka za ta kasuwa, rabin yini ya tafi. Sannan abinci. Karin kumallon mutum 2 ne a cikin kuɗin, na yara 3 kai za ka biya. Na rana da na dare kuwa, tunda otel ɗin ya ware daga gari, a gidan abincinsu za ku ci, kuma abin da na saba gani shi ne farantin da za ka ci ka ƙoshi a cikin unguwa, a irin wannan wuri sai ka biya ninkinsa 3 ko 4. Mutum 5, sau 2 a rana, kwana 6: faranti 60 ke nan. Mutanen da na ga kuɗi ya yanke musu a Lome, ba kuɗin ɗaki ne ya karya su ba, takardar gidan abincin da aka miƙo musu ranar fita ce.

A cikin gari kuwa abinci ba abin damuwa ba ne. Da safe ga ayimolu, wake da shinkafarsu, ga masu shayi da burodi, da yawansu ma ƴan gida ne. Ga akume, wanda tuwon masara ne kawai da wani suna, ga sakwarar doya, ga soyayyar doya da kifi. In kewar gida ta taso, ku nufi Zongo ta wajen Agowe a arewacin gari, za ku ji Hausa ko'ina, ku ci tuwo da tsire hankali kwance.

Tekun da kansa

Nan nake so ka ba ni hankalinka, domin ya fi maganar kuɗi muhimmanci, kuma shi ne zai sauya yadda kake kallon otel ɗin biyu.

Mu ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maradi da damina, da tafkin Madarunfa. Gulbi gefe ɗaya yake gudu, ka san inda ya nufa. Tafki kuwa a kwance yake. Tekun Lome ba ya kama da ko ɗaya. Gaɓarsa tana da gangara, taku kaɗan za ka yi ƙasa ta kuɓuce maka. Igiyar ruwa kuma a bakin gaɓa take fashewa da ƙarfi, ta bugi mutum ta kayar, sannan in za ta koma ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata kafa ya taru a cikinta ya koma da gudu, kamar ƙorama a tsakiyar teku. Daga tudu wurin yakan yi kama da inda ya fi lafawa, babu kumfa sosai, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi iyo ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya za ta cinye shi. Masunta suna cewa a bi gefe, a yi iyo a tsallake kafar tukuna, sannan a nufi tudu. Amma wannan ilimin wanda ya iya iyo ne sosai, ba na yaran da suka tashi a unguwar Zariya ba. Kuma watannin Yuli zuwa Satumba, lokacin da za ku je, su ne lokacin da tekun ya fi hauka.

Na taɓa raka wani bawan Allah ɗan garinmu, ƙaƙƙarfan mutum, wanda ya ce mini tun yana yaro yake ƙetare Gulbi. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga don a ɗauke shi hoto, ya juya wa ruwan baya. Ruwan ko ƙwaurinsa bai rufe ba. Igiya ɗaya ta zo ta bayansa ta yi sama da shi, hula ta tafi, waya ta tafi, ya miƙe ta biyu ta sake nannaɗe shi. Wasu samari masunta ne suka ruga suka kamo shi ta wuyan riga. Da muka zaunar da shi, rairayi cike da kunnensa da aljihunsa, hannunsa na rawa, ya fi minti 10 ba abin da yake faɗi sai salati. Tun ranar ban ƙara barin baƙona ya juya wa teku baya ba.

Abin da nake nufi shi ne, ko wane otel kuka kama, yaranka ba za su yi wanka a cikin tekun nan ba. Za su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu cikin naka, ruwa ya taɓa musu ƙafa su yi ihu su gudu. Shi ke nan, kuma wallahi ya ishe su labarin shekara. Saboda haka in kana tunanin jika 55 ɗin za ta saya musu wankan teku, cire wannan. Abin da za ta saya musu shi ne pisin, da fili killatacce inda za su yi gudu ba mota ba babur, da rumfar da uwarsu za ta zauna tana ganinsu, da kwana cikin rurin teku, da farkawa a gan shi ta taga. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma shi ma pisin ɗin ka tambaya: akwai ɓangaren yara mara zurfi? Akwai mai tsaron masu iyo a kowane lokaci? Yaro ɗan shekara 3 da pisin a ƙofar ɗaki, aiki ne ga uwarsa daga safe har dare, domin ƙiftawar ido ta isa.

Akwai kuma maganar "bakin teku" da aka rubuta maka. Gaɓar Togo gaba ɗayanta ba ta kai kilomita 60 ba, kuma ba iri ɗaya ba ce. Ruwa yana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, doguwar katangar duwatsunta ta tare rairayin, sai ya riƙa taruwa ta yamma, gefen gari, yayin da ta gabas teku ya shiga cin ƙasa. Madatsar Akosombo da aka gama a Gana a 1965 ita ma ta rage rairayin da kogin Bolta ke kawowa. Shi ya sa a tsakiyar gari za ka ga fili mai faɗi, da itatuwan kwakwa, sai ka yi tafiya kafin ka kai ruwa, ga ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa tana tsaye a ciki. Ta gefen Bagida da Abefozo har zuwa Agbodarafo kuwa, teku ya ci gidaje, ya ci tsohuwar hanyar Aneho. A wasu wurare zaizayar ta tono wani falalen dutse da ya yi layi a cikin ruwa, yana karya ƙarfin igiya, har in ruwa ya janye a sami ɗan kwanciya a bayansa. A wasu wuraren kuma otel yana bakin teku da gaske, amma babu rairayin zama, sai duwatsun da aka jibge don kare katanga. Hoton da aka nuna maka yana iya zama na shekarun baya. Ka sa su ɗauko maka bidiyo na yau ta WhatsApp, daga ƙofar ɗakin da za su ba ka, a taka har bakin ruwa ba tare da an yanke ba. Wanda ya ƙi yin wannan ya ba ka amsa.

Bakin ruwan tsakiyar gari kyauta ne, kowa da kowa, ranar Lahadi har ba masaka tsinke. Da rana ku je ku sha ruwan kwakwa, yara su ga manyan jirage sun yi layi can nesa suna jiran shiga tasha. Amma rana na faɗuwa ku bar wurin, kada ku kai magariba, kuma kada a riƙe waya a sake.

Abin da hoto ba ya nunawa

Iskar teku gishiri gare ta, kuma gishiri ba ya barin ƙarfe. Otel ɗin bakin ruwa in ba a kashe masa kuɗin gyara kullum, cikin ƴan shekaru kilim ya yi tsatsa yana ƙara ba sanyi, famfo ya cije, makulli ya ƙi juyawa. Ga danshi. Mu da muka saba da busasshiyar iska, inda za ka shanya riga bayan azahar ka sa ta da la'asar, warin hunhuna a katifa da labule yana hana mu barci, kuma yaro mai asma ko yawan mura zai wahala. Tsada ba ta hana wannan. Na shiga ɗakin jika 60 na fito saboda wari, na kuma kwana a na jika 15 mai tsabta kamar ɗakin amarya. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne sau da yawa, amma a harkar otel mai kula da wurin ne ke yin adon.

Wani abu da zai yi maka daɗi: Agusta a Lome ba kamar Agustan Maradi ba ne. Babbar daminarsu tana tsakanin Afrilu da Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, sai ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta kafin ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Lokacin ne garin ya fi sanyi a shekara, sama a lumshe, iska na kaɗawa. Wanda ya sha zafin Afrilun Maradi, fanka ma ta ishe shi. Saboda haka in mai arahar yana da ɗakin fanka da ya fi na kilim sauƙi, ka tambaya, wataƙila ka rage wani abu a ɗakin yara. Sai dai ku tafi da gidan sauronku, ku tafi da rigar sanyi mara nauyi ta auta.

Ka tambayi maganar wuta da ruwa a duka biyun. Kada ka tsaya ga "akwai gurup", ka ce: in an ɗauke wuta, gurup ɗin, wato injin ba da wuta, yana ɗaukar kilim da famfon da ke tura ruwa sama, ko ƙwan fitila kawai? Na taɓa sauke wani iyali a wani otel mai kyan gani, dare na biyu wuta ta tafi, gurup ya tashi ya kunna fitilun baranda da firijin mashaya, ɗakuna kuwa duhu, ruwa ya ƙafe a bene na 2. Da asuba maigidan ya sauko da buta a hannu yana neman ruwan alwala. Ni na ji kunyar, domin ni na kai su.

Maganar maiɗakinka

Ta ce tsaraba, amma ka zauna da ita ka ji ko akwai abin da ba ta faɗa ba. Sau da yawa matanmu ba kuɗin ne kawai ke damunsu ba, wurin ne. Otel ɗin bakin teku a Lome, kusan duka, akwai mashaya a gefen pisin, akwai maza da mata cikin kayan wanka, kuma daga Juma'a da dare zuwa Lahadi ƴan gari suna cika wurin, kiɗa har tsakar dare ko fiye. Wannan al'adarsu ce da kasuwancinsu, kuma mutanen Togo masu mutunta baƙo ne, ban taɓa ganin an wulaƙanta mai hijabi ba. Amma na ga Hajiyar da mijinta ya biya kwana 5 a irin wannan wuri, ta leƙa sau ɗaya ta ga abin da ke bakin pisin, ta koma ɗaki ta ja labule, ba ta ƙara saukowa ba sai ranar tafiya. An biya kuɗin teku, ta yi hutun a gaban talabijin. Ga kuma ƴa mai shekara 12, wadda idonta ya buɗe. Wasu wuraren ma ba sa yarda a shiga pisin da riga da dogon wando, sai kayan wanka. In haka dokarsu take, babbar ƴarka ba za ta shiga ba, ka ga rabin amfanin pisin ɗin ya tafi. Ka tambaya tun daga nan.

A karin kumallo a kula, akan sa naman alade yankakke a gefen ƙwai ko cikin burodi, sai ka faɗa musu tun farko. Inda zuciya ba ta kwanta da yankan nama ba, ku tsaya ga kifi, ga shi nan sabo daga ruwa. Ku tafi da butarku da sallayarku, yawancin makewayin otel takarda kawai ake ajiyewa. Alƙibla daga Lome gabas ce maso arewa. Masallacin Juma'a kuwa a cikin gari ya fi sauƙin samu.

Abin da zan yi in ni ne

Zan raba kwanakin. Kwana 4 na farko a mai araha, kwana 2 na ƙarshe a bakin teku. Da lissafin da muka yi, ɗaki 2 na Tokwan kwana 4 jika 160 ne, Bagida kwana 2 jika 130, jimla 290. Ka rage jika 100 daga abin da za ka biya in ka tare a mai tsada, ban da abin da za ka tsira da shi na abinci, ka kuma ɗora jika 50 kacal a kan mai araha. Maiɗakinka ta sami tsarabarta, kai ka sami tekunka.

Dalilin da ya sa mai arahar zai zo farko shi ne hanya. Daga Maradi zuwa Yamai kaɗai wajen kilomita 660 ne, kuma da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 sai tafiyar kudu ta ƙara tsawo da wahala. Ko ta wace hanya kuka bi, babu mai ce maka ga sa'ar da za ku sauka. Kuna iya isa da ƙarfe 2 na dare, yara sun galabaita, washegari ma barci za a yini yi. Asara ce a biya jika 65 don wannan daren. A cikin kwana 4 ɗin ku gama kasuwa, ku ga Zongo, ku yi Juma'a, in da hali ku yi shatar mota yini ɗaya zuwa Agbodarafo da tafkin Togo, inda ruwa yake kwance ana ƙetarawa da kwalekwale, har ku kai Aneho ku ga inda ruwan tafki ke haɗuwa da teku. Sannan ku tattara ku koma Bagida ba sauran abin da zai fito da ku. In aka yi akasin haka, aka fara da mai daɗi, yara za su yi kwana 4 suna tambayar yaushe za a koma pisin.

Ka daidaita kwana 2 ɗin su faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Wurin zai zama kusan naku ku kaɗai, babu kiɗa, babu cunkoso, maiɗakinka za ta sake, kuma lokacin ne suka fi saurin yin ragi. Ka roƙe su su bar ku ku shiga tun da hantsi, ranar fita kuma su ajiye muku kaya ku ci gaba da zama a bakin ruwa har la'asar. Yawancinsu suna yarda in ba cika suka yi ba, ka ga kwana 2 ya ba ku yini 3.

Wannan shawara ta iyali ce mai yara, masu ƙirga kuɗinsu. Da ango da amarya ne suka tambaye ni, ko dattijon da likita ya ce ya je ya huta, da na ce su tare a bakin tekun su rage kwanaki. Kuma alƙaluman nan naka ne da ka kawo, da abin da na ƙaddara a kai, sai ka gyara su da abin da otel ɗin za su faɗa maka da bakinsu. In maiɗakinka ta ji duk wannan ta ce ita dai hankalinta bai kwanta da kwana a can ba, kada ka matsa. Ku zauna a gari, ku sayi shigar yini ɗaya a wani killataccen wuri ranar Talata ko Laraba, yara su yi wasansu ku dawo.

Kafin ka tura abans, wato kuɗin kama ɗaki

Ɗan Maradi ba ya rasa mutum a Lome. Cikin dangi ko maƙwabta akwai direban tirela, ko yaron wani Alhaji da ke fitar da kaya. Ka ba shi kuɗin zemijan ya je ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya shinshina katifa, ya murɗa famfo, ya kunna kilim ya tsaya minti 5, ya dubi su wa ke shiga da fita. Wannan na ƙarshen ya fi shafar mai arahar, domin wasu ƙananan otel na cikin gari da hayar sa'a suke rayuwa, kuma ba wurin kai iyali ba ne komai tsabtarsu. Gani ya kori ji.

Kada ka tura kuɗi ga lambar da ka gani a shafin Facebook kawai, akwai masu ɗaukar hotunan otel na gaske su buɗe shafi da lambarsu. Mutuminka ya karɓo lambar daga hannun mai karɓar baƙi. Abans kada ya wuce na dare ɗaya, a ba da rasi, a rubuto maka ranar shiga da ta fita, da yawan mutane, da cewa haraji yana cikin kuɗin ko a kai za a ɗora. Ka yi ciniki, ba abin kunya ba ne, wanda zai kama ɗaki 2 kwana 4 yana da bakin magana. Kuɗinmu ɗaya da su, Sefa ce, ba ruwanka da canji, amma kada ka ɗauki duka a aljihu, ka bar wani a tura maka ta kamfanonin aika kuɗin nan namu da ke da rassa a can. Kuɗin komawa gida kuma ka ware shi daban tun daga Maradi, ka ba maiɗakinka ta ɗaure. Katin rigakafin shawara na kowa, har auta, da takardun haihuwar yara, su kasance a jaka ɗaya da takardunku.

In kun sauka a Bagida, ka tambayi mai gadi inda masunta ke jan koma da safe. Bayan sallar asuba ka tashi yaran, ko suna kuka, ku taka bakin ruwa. Za ku tarar da mutane sun yi dogon layi a kan igiya ɗaya, maza da mata da yara, suna ja da baya taku-taku suna waƙa, na ƙarshe yana naɗe igiyar a gindin kwakwa. Aikin yakan ɗauki sa'o'i kafin komar ta fito, mata na tsaye da manyan kwanoni suna jira. In ka yi musu gaisuwa za su matsa wa ɗan shekara 8 ɗin nan ya kama igiyar shi ma. Ka riƙe ƴan canji, in kifin ya fito ka saya, ka tambayi masu dafa abincin otel ko za su gasa muku shi da rana.